Maganin Mai Zafin Zubi a Cacar Karta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Dakoro, muna jin samarinmu masu buga kartar poka a wayar salula suna tambayar juna: yaya za a yi da abokin wasa mai zafi, wanda ba a raba kati face ya ƙara zubi?

Mu dubi yadda abin yake. An ƙayyade abin da ake ƙarawa a kowane zagaye, shi ya sa mutum ke ganin kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amma mai zafin nan yana tunzura zuciya, a bi shi don fushi, tulin kuɗi ya ƙaru, masu dandalin kuma su yanki kasonsu. Da dala ashirin ake farawa, a wayi gari kuɗin buhun hatsi sun tafi, iyali na jiran cefane.

Allah Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, bai ware ƙarama ba. Ya sanar da mu cewa da ita Shaiɗan ke jefa gaba tsakaninmu, ya shagaltar da mu daga salla. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) cewa ko wanda ya gayyaci ɗan'uwansa caca ya yi sadaka.

Saboda haka maganin mai zafin zubi guda ne: mu bar masa fagen, mu goge wasan daga wayoyinmu, mu tuba. Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, amin.