Alawar Rarrashi: Ƙauna Ce Ko Cin Hanci?

'Yar'uwa, wai shin idan haƙorin yaro ɗan shekara huɗu ya yi kogo, laifin wa za a gani? Nan da nan sai a ce uwa ce ba ta da kula. Ni kam ban yarda da wannan hukunci duka ba.

Dubi zamanmu na gidan haya a Kakuri da Makera. Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, mata da yawa su ke fita nema. Kina shirin tafiya Kasuwar Monday, yaro ya riƙe zaninki yana tsala ihu, maƙwabta sun zuba ido. Me za ki yi? Sai ki aika wajen mai tireda a sayo minti. Ya yi shiru, kin samu hanya. To amma tsakani da Allah, shi kika rarrasa ko kunyarki kika rufe? Shi kuwa ya gane kuka na da lada, gobe ma zai yi.

Ga kuma kakarsa, ga baƙi da tsarabar biskit. Wace ce za ta dubi uwar mijinta ta ce, "Mama, kar ki ba shi"? Sai a ce ta raina kyauta. Kunyar tamu ce, ciwon nasa.

Abin da muke kira tsutsa ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne a baki, suna cin sukari su mai da shi tsami mai zaizaye haƙori. Yawan maimaitawa shi ne babbar ɓarna: alawa biyar a warwatse cikin yini ta fi biyar a zama ɗaya illa. Mafi muni shi ne fidar shayi mai sukari lokacin barci, don miyau mai wanke baki yana raguwa da dare.

"Ai na nono ne, za su faɗi." Haka ne, amma a cikin ashirin ɗin nan, turamen ciki sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke fita. Har lokacin zai yi ta taunawa da gefe ɗaya, yana rufe baki in zai yi dariya a makaranta?

Ba sai kin mayar wa Mama kyautarta ba. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki ce za ki ajiye masa sai ya ci tuwo. Kafin ya kwanta ki goge masa baki da kanki, man goge baki kamar ƙwayar shinkafa in bai kai shekara 3 ba.