Rumbun Yusufu da Rumbun Mai Arziki



A ƙauyukanmu na ƙasar Bichi, Dambatta da Kunci, gona ta yi wa mutane kaɗan. Wadda kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne ke rabonta, ba a kuwa barinta ta huta ko damina ɗaya. Saboda haka iyaye da yawa sun sayar da awaki da gyaɗa domin 'ya'yansu su koyi ilmin kasuwanci, waɗansu a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi, waɗansu a Jami'ar Bayero ta Kano. In ka tambayi ɗalibin abin da ya kai shi, a gaban Fada zai ce yana so ya taimaki jama'a, a cikin abokansa kuwa ya ce talauci ne ya ishe shi. Ban ɗauki ko ɗaya ƙarya ba. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ma, cikin wasiƙarsa Centesimus Annus ta 1991, ya yarda riba halal ce, alama ce cewa sana'a tana tafiya daidai. Sai dai ya gargaɗe mu kada ta zama ita kaɗai ce ma'auni.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu masu rumbu. A Farawa sura 41, Yusufu ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi a ƙasar Masar, da yunwa ta sauko ya buɗe rumbunan. Ku lura, sayarwa ya yi, ba kyauta ya raba ba, duk da haka mutane suka rayu. A Luka sura 12 kuma, wani mai arziki gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci shi kaɗai; a daren nan aka karɓi ransa. Dukansu biyu sun iya lissafi da ajiya da hangen nesa, wato abin da ake koya wa 'ya'yanmu ke nan. Inda suka rabu shi ne ranar buɗe ƙofa, da kuma wanda aka buɗe dominsa.

Mun san yadda abin yake a nan. Da kaka gero da dawa sukan faɗi, manomi ya sayar domin kuɗin makaranta da magani da biyan bashi. A watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbunsa ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, sai ya koma kasuwa ya sayi irin geron da ya sayar, da tsada. Ɗan kasuwan da ya adana hatsin ya yi aiki: ya yi fama da ƙwari, ya biya haya da dako, ya cancanci ribarsa. Amma wanda ya kulle ƙofa yana jiran yunwa ta ƙara matse maƙwabcinsa, ba Yusufu yake bi ba. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a wajen kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuwa suka musanta. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Na dai san annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa masu rage mudu suna ƙara farashi, kuma kowace mace a cikinmu ta san kwanon awo da aka bubbuge gindinsa.

Ku ɗalibai, ga roƙona. In kun zo hutu a kakar bana, ku zauna da katikis da dattawan ikilisiyarku. Ku lissafa musu abin da buhu yake da kaka da abin da yake da damina, ku nuna musu yadda gida goma za su haɗa hatsinsu a ɗaki ɗaya, a rubuta na kowa a littafi, a ajiye maɓalli a hannun mutum biyu. A yanka muku ladan aikinku a fili, ku karɓa ba kunya. Ranar da za a buɗe ɗakin kuma, maƙwabcinmu Musulmi in ya zo da kuɗinsa, a auna masa da kwanon da aka auna wa ɗan ikilisiya.