Daga Ina Kisankai Yakan Fara?

Ya ɗan'uwa, mu mutanen Illela da Konni mun san halin kaka. Hatsi ya nuna, ba a gama girbi ba, sai shanu su faɗa gona da dare. Da safe mai gona ya tarar da wahalar daminarsa a ƙasa. Wa zai ce kada ransa ya ɓaci? Ba ni ba.

Amma ka tuna da Bangi, a ƙasar Madawa. A watan Nuwamba 2016 rigimar ɓarnar gona ta tashi tsakanin manoma da makiyaya. Mutum wajen 20 suka mutu, har da mata da yara. Yaran nan ba su kora saniya cikin gonar kowa ba.

Doka ta shida ta hana kisankai (Fitowa 20:13). Watakila ka ce, "Ni ban taɓa ɗaga wa kowa adda ba." Madalla. Amma Yesu Almasihu ya kai dokar har cikin zuciya, ya koyar cewa mai riƙe ɗan'uwansa da fushi ma shari'a tana jiransa (Matta 5:21-22). Kayinu da fushi ya fara, Allah kuwa ya gargaɗe shi tun bai taɓa Habila ba (Farawa 4).

Ba a ce ka bar hakkinka ba. Ka kai ƙara wurin mai gari, a kimanta ɓarnar, a biya ka. Amma in ka ji daɗi sa'ad da aka ce ɗan makiyayin ba shi da lafiya, kada ka kwana da wannan. Durƙusa ka faɗa wa Ubangiji sunan mutumin, ka roƙa masa alheri, ran kasuwa kuma ka gaishe shi.