Sutura Da Tonon Asiri

 Akwai wata tambaya da wayar hannu ta shigo mana da ita har zaurukan Madawa, Buza da Keita: shin sai mutum ya shelanta wa duniya yadda yake jin kansa, namiji ko mace, kafin a kira shi mai gaskiya?

A Amurka, tun shekarar 1988 aka keɓe ranar 11 ga Oktoba domin irin wannan shela. Amma ko a can akwai masu ja. Judith Butler, wadda littafinta na 1990 ya yaɗa ra'ayin cewa zama namiji ko mace ba tsayayyen abu ba ne, ita kanta ta yi shakkar amfanin shelar. A ganinta, wanda ya laƙa wa kansa suna ya fito daga wani ɗaki ne ya faɗa wani.

Mu kuwa, zancen ba baƙo ba ne a gare mu. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa suna sayar da abinci a tashoshi da kasuwanni, wasunsu da mata da 'ya'ya, ba tare da wata shela ba. Malamai ma ba su kau da kai ba. Muhtasar na Shehu Halilu da hukuncin gadon mata-maza ya rufe. Imam Nawawi kuma ya rarrabe wanda aka halitta da taushin murya da tafiya, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda hani ya hau kansa.

Sai dai sutura fuska biyu gare ta, mu kuwa ɗaya muka fi haddacewa. Mun san hadisin Buhari da ya gargaɗi wanda Allah Ya rufa wa asiri da dare, ya wayi gari yana tona kansa. To ina aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana mu zato da binciken laifin juna?

Saurayin da ya ɗauki hoton ɗan daudu a ɓoye ya watsa a Facebook, yana ganin addini yake wa hidima, ai shelar nan da yake ƙi ita ya yi, a madadin wani, kuma bisa tilas. Kafin la'asar masu sayen abinci sun watse, 'ya'yansa sun kasa zuwa makarantar allo, mahaifiyarsa kuma ta daina fita suna da biki.