Ba da Rata a Fagen Tsere: Adalci ne ko Tauye Gwani?

Gabatarwa

Yaran da ke wasan guje-guje a bakin tafkin Nguru sun san wata doka da babu wanda ya rubuta musu ita. Idan babba zai yi tsere da ƙaninsa, sai ya ba shi rata, wato ya bar shi ya yi gaba da taku goma ko ashirin kafin shi ya ɗaga ƙafa. In ƙanin ya riga isa, ya ci, kuma babban ba ya da bakin magana tunda da yardarsa aka yi. A wannan maƙala muna son mu ɗauki wannan ƙaramar al'ada mu yi mata tambayar da ta fi ta girma: shin ba da rata gyara ne ga adalci, ko kuwa hanya ce ta ƙwace wa gwani abin da ya cancanta? Za mu bi ta kan tseren jiragen ruwa, domin a can ne aka fi zama aka yi wa wannan lamari lissafi, sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Me Tsere Yake Aunawa?

Mutanen ƙasar Bade da Nguru ba baƙin jirgi ba ne. Fadamar Haɗeja da Nguru ta rayar da masunta tun kaka da kakanni, kogin Yobe ya ratsa ta Gashuwa, kuma a bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram akan haɗa da wasannin ruwa, kamar yadda ake yi a Argungu. To, mu ɗauka an jera kwalekwale biyu. Ɗaya dogo ne siriri, sabon aiki, yana yanka ruwa kamar aska. Ɗayan gajere ne mai faɗin ciki, an yi shi ne don ɗaukar buhunan shinkafa, ga faci ta ko'ina. Aka busa, dogon ya riga isa. Wa ya ci, matuƙi ko kafinta?

Nan ne gizo ke saƙa. Duk wanda ya shiga gasa yana zuwa da abu biyu: abin da ya yi wa kansa, kamar horo da naci da sanin hanyar ruwa, da kuma abin da aka ba shi, kamar jirgin da ya gada ko kuɗin da ya saye shi. Agogo ba ya rarrabe waɗannan biyu, dunƙule su yake yi ya ba da lokaci ɗaya. Idan manufar tseren ita ce a san jirgin da ya fi gudu, agogo ya wadatar. Idan kuwa ana son a san mutumin da ya fi iya tuƙi, to agogo shi kaɗai shaidar zur yake bayarwa.

Dabarar Masu Jiragen Iska

A Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tseren jiragen ruwa irin waɗanda ake kafa wa ƙyalle iska ta tura su, kuma ko a Legas akwai irin wannan ƙungiya tun 1932. Membobinsu ba sana'a suka ɗauki abin ba, kowa da irin jirgin da aljihunsa ya iya saya. Da an ce sai masu jirgi iri ɗaya za su kara, da yawancinsu ba su sami abokin karawa ba. Sai suka fito da tsarin ba kowane nau'in jirgi lamba gwargwadon saurinsa.

A tsarin da ake kira ma'aunin Portsmouth, wanda ake amfani da shi a Birtaniya, jirgi mai nawa yana da babbar lamba, mai sauri kuma ƙarama. Bayan an gama tsere sai a ɗauki lokacin da jirgi ya ci, a ninka shi sau 1000, a raba da lambarsa. Misali, jirgi mai lamba 1000 ya iso a minti 60, lokacinsa yana nan a 60. Wani mai lamba 1200 ya iso a minti 69. Idan aka yi lissafi sai lokacinsa ya koma minti 57 da rabi. Ke nan wanda ya zo na biyu a idon 'yan kallo shi ne na ɗaya a takarda, domin ya tatsi abin da ya fi yawa daga jirgin da ke hannunsa. Lambobin nan kuwa daga sakamakon tseren da ƙungiyoyi ke aikawa ake fitar da su, kuma ana sake duba su kowace shekara. Akwai wata hanyar dabam, inda ake auna tsawon jirgi da nauyinsa da faɗin ƙyallensa a yanke masa lamba tun bai taɓa shiga tsere ba.

Ya kamata mu lura da cewa jirgi ake ba lambar nan, ba a ba mutum. A wasan ƙwallon dawaki kuwa, wanda ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mutum ake yi wa daraja, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Sarki Usman Nagogo ya kai daraja 7. Akan tara darajojin 'yan wasa huɗu na kowane ɓangare, ɓangaren da ya gaza a ba shi ratar ƙwallaye tun kafin a fara. Bambancin hanyoyin biyu babba ne. Ta farko tana share fifikon kayan aiki domin gwaninta ta fito fili. Ta biyu tana rage wa gwaninta kanta kaifi domin wasa ya yi armashi, kuma ƙaramin ɗan wasa ya sami ƙwarin guiwar shiga fili da manya.

Hujjojin Masu Suka

Masu ƙin wannan tsari ba su rasa abin faɗa ba, kuma bai dace mu yi musu kunnen uwar shegu ba. Hujjarsu ta farko ita ce, tanadin jirgi mai kyau shi ma wani ɓangare ne na gwaninta. Masuncin da ya yi shekara uku yana tara kuɗi, ya zaɓi katako, ya tsaya a kan kafinta har aka fitar masa da abin da yake so, da wane dalili za a ce a zare masa ribar wahalarsa da alƙalami? Suna iya kafa hujja da kokawar Nijar, inda tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa ba tare da an raba 'yan kokawa bisa nauyi ba, kuma daɗin abin shi ne ranar da ƙaramin jiki ya kayar da ƙato da dabara. Da an ba shi rata, da wa zai tuna da nasararsa?

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Duk inda rauni ya zama abin samun lada, za a sami masu ƙirƙirar rauni. Inda ake gyara lamba bisa sakamakon baya, mai wayo yakan yi sanyin jiki da gangan a ƙananan tsere domin a sassauta masa, ranar babban kofi kuma ya saki jiki. Inda ake auna jirgi, maƙera sukan ƙera jirgin da zai yi kama da mai nawa a ma'auni alhali yana da gudu a ruwa. Wannan ne ya sa masu tsarin da ake kira IRC suka ɓoye ƙa'idar lissafinsu. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwo, domin hukuncin da ba a san yadda aka yanke shi ba yana buƙatar a amince wa alƙali ido rufe. Wannan ya kai mu ga hujja ta uku: mai riƙe da alƙalamin lamba ya fi kowane matuƙi iko a kan sakamako, kuma shi ma ɗan Adam ne, yana da aboki yana da suruki.

Abin da Magabata Suka Gani

Matsalar ba sabuwa ba ce. Aristotal ya yi bayanin cewa daidaita waɗanda ba daidai suke ba zalunci ne, kamar yadda bambanta waɗanda suke daidai yake zalunci. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari an ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi sukuwa a Madina, ya ware dawakin da aka yi wa horo ya ba su dogon zango daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a yi wa horo ba kuma ya ba su gajeren zango daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Darasin da muke ɗauka a nan shi ne, duba halin abin hawa kafin a yanke zango ba ya rushe gasa. A zamaninmu kuma John Rawls, a littafinsa na 1971 a kan adalci, ya ba da wata ma'auna mai sauƙi: dokar da ta dace ita ce wadda mutum zai yarda da ita tun bai san matsayin da zai faɗo a ciki ba. Mu tambayi matuƙan Gogaram tun kafin a raba jirage, alhali babu wanda ya san ko dogon zai samu ko mai facin. Muna kyautata zaton mafi yawansu za su ce a yi rata.

Daga Ruwa Zuwa Aji

Wannan magana ba ta tsaya a bakin tafki ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasa, a 1996 kuma aka kafa hukumar da ke kula da ita. A ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya an ware kaso ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Yobe tana cikinsu. Wannan rata ce, kuma duk sukar da aka yi wa ratar jirgi an yi mata.

Idan muka auna ta da ma'aunin masu jiragen iska, za mu ga inda ta yi daidai da inda ta kauce. Yarinyar da ta yi karatu a wani ƙauye na fadama, inda ambaliya ke rufe hanyar makaranta da damina, ta ci maki 200, ta yiwu ta fi wanda ya ci 240 a makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje tatsar abin da ke hannunta. Ba ta rata gane gaskiya ne. Amma a tsarinmu an liƙa lambar ne a jikin sunan jiha, ba a duba makarantar da yaro ya fito. Saboda haka ɗan mai hali wanda ya yi karatunsa kaf a Abuja yana iya zuwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma ya karɓe ratar da aka tanada domin 'yar masunci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan daidai yake da a ba sabon dogon jirgi lambar tsohon mai faci don kawai a gari ɗaya aka sassaƙa su.

Kammalawa

Matsayinmu shi ne ba da rata halal ne a shari'ar hankali, amma da sharuɗɗa. A ba da ita saboda abin da mutum bai zaɓa wa kansa ba, kada a ba da ita saboda lalaci. A bayyana yadda aka yanke ta, domin wanda aka rage wa ya san dalili ko da bai ji daɗi ba. A riƙa sake duba ta lokaci zuwa lokaci, tunda in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Gwanin da ke ƙorafi kuwa yana da gaskiya a wuri guda: dole a bar wani fage, kamar na takobin Nijar, inda ake karawa ba ragi ba ƙari.

Sharaɗi na ƙarshe ya fi shafarmu mu masu karɓar ratar. Lissafi yana iya mayar da minti 69 ya koma 57 da rabi a takarda, amma ba ya toshe ɓular jirgi. Masuncin da ciyawar kacala ta cushe wa hanyar ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin Haɗeja, abin da yake nema shi ne a share masa hanya. Haka ma ɗalibin Nguru da na Gashuwa, malami da littafi da aji mai rufi suke buƙata kafin rangwamen maki. Al'ummar da ta shekara arba'in tana karɓar rata ya kamata ta tambayi shugabanninta inda kuɗin gyaran jirgin ya shiga. Ƙanin da ake ba taku goma a bana, burin gidansu shi ne baɗi ya ce a rage masa zuwa biyar.