Haƙuri Ne Ko Taurin Kai?

Akwai wata sana'a da ta shigo gidajenmu ta hanyar wayar hannu, ana iya ce da ita cinikin yini ɗaya. Ga yadda ta ke: mutum ya sayi hannun jari na wani kamfani, ko kuɗin wata ƙasa, da safe, ya sayar kafin rana ta faɗi, wani lokaci ma kafin minti 10 su cika, yana sa zuciya ga ɗan bambancin farashi. Ba ya taɓa kaya da hannunsa, ba ya ganin abokin cinikinsa. Samarinmu sun shiga, da ma'aikata, har da magidanta. Tambayar da mu ke so mu duba ita ce wannan: wanda ya yi wata da watanni yana hasara a cikin wannan ciniki, ya kamata ya bari, ko kuwa ya daure?

Tambayar tana da nauyi, gama tun muna yara aka koya mana mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romo. Manomi ba ya barin gona domin fari na shekara guda. Ɗan koyo ba ya yar da allura domin ya ɓata riga biyu. Saboda haka mai hasara ya kan ce a ransa, "In na bari yanzu na zama rago." Ba mu raina wannan tunani ba. Amma sai mu bincika mu gani ko kowane jimiri ne ya cancanci a kira shi haƙuri.

Da fari mu lura da bambancin gona da wannan kasuwa. Manomi ya shuka mudu guda ya girbe buhu, ba wanda ya rasa kome domin shi ya samu. A cinikin kuɗin ƙasashe na yini ɗaya kuwa, ribar wani hasarar wani ce, dillali kuma yana cire la'adarsa daga kowane saye da kowace sayarwa. Waɗanda ke wancan gefe su ne manyan bankuna da kamfanoni masu kwamfuta da ke gama ciniki kafin ƙiftawar ido. Da su ne mai waya ɗaya a ɗakinsa ya ke kokawa.

An kuwa ƙidaya abin. A ƙasar Brazil malamai uku na jami'a sun bi sawun dukan waɗanda suka fara irin wannan ciniki a wata babbar kasuwar ƙasar tsakanin 2013 da 2015. Suka ware mutum 1,551 waɗanda suka daure fiye da kwana 300. Cikin kowane 100 nasu, 97 sun yi hasara. Wajen 1 cikin 100 ne kaɗai ya sami abin da ya fi albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar. Ba su kuma ga alamar cewa daɗewa tana ƙara gwaninta ba. A Taiwan an duba lissafin shekarun 1992 zuwa 2006, aka tarar waɗanda ke cin riba a kai a kai bayan an cire la'ada ba su kai 1 cikin 100 ba. A 2018 hukumar da ke lura da kasuwannin kuɗi a Tarayyar Turai ta ce tsakanin 74 da 89 cikin 100 na ƙananan masu ciniki da rancen dillali suna hasara, har ta tilasta wa dillalai su rubuta gargaɗi a fili. Ashe a nan daɗewa ba ta dafa dutse.

To, me ya sa barin ya ke da wuya? Dalili na fari lissafi ne. Wanda ya sa naira 200,000 ya rasa rabi, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya komo inda ya fara. Da ya ga hanyar ta yi nisa, sai ya karɓi rancen dillali domin ya gajarta ta. In dillali ya ba shi ikon ciniki da kuɗin da ya ninka nasa sau 30, farashi ya juya masa baya da abin da bai kai 4 cikin 100 ba, uwar kuɗinsa duka ta tafi. Dalili na biyu yana cikin zuciya. A 1979 masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna zafin hasara ya fi daɗin riba ƙarfi a wurin ɗan adam, mutum kuma ya kan yarda ya shiga hatsari mai girma domin ya kuɓuta daga hasarar da ta tabbata.

Har gwanaye ma wannan ya kayar. Wani saurayi mai suna Nick Leeson yana yi wa bankin Barings na Landan ciniki a Singafo. Ya ɓoye hasara a wani asusu na ɓoye, yana ƙara zuba kuɗi domin ya maido ta. A watan Fabrairu na 1995 hasarar ta kai fam miliyan 827. Bankin da aka kafa tun 1762 ya rushe, aka sayar da shi fam 1, shi kuwa aka kai shi kurkuku. An je neman ƙiba an samo rama.

A nan ne mu ke ganin amsar. Haƙuri yana duban gaskiya, ya jimre da wahala domin aikin da ke da amfani a gaba. Taurin kai kuwa yana juya wa gaskiya baya domin kada a ce ya fāɗi. Kuɗin da ya tafi ya tafi, kasuwa ba ta san sunan wanda ta cinye ba, ba ta kuwa riƙe da bashinsa. Tambayar da ta dace ita ce: "Da yau ne zan fara, da sanin da na ke da shi yanzu, zan sa kuɗin nan da ya rage?" In amsa a'a ce, to, ci gaba ba shi da hujja.

Ga gwaji huɗu da ɗan'uwa zai yi wa kansa. Na ɗaya, ya rubuta dukan abin da ya zuba da dukan abin da ya fitar tun daga ranar fari, gama zuciya ta kan tuna da ranar riba ta manta da kwana goma na hasara. Na biyu, kuɗin wane ne? In na makarantar yara ne, ko na haya, ko na adashi, ko rance, to, da amanar waɗansu ya ke wasa. Na uku, matarsa ta san adadin? Sana'ar da ke sa mutum ya kife wayarsa sa'ad da matarsa ta shigo ta riga ta cinye abin da ya fi kuɗi. Na huɗu, yana ƙara yawan kuɗi bayan kowace hasara? Wannan ita ce hanyar mai caca, ko da wane suna aka ba ta. Wanda ya fāɗi a ko ɗaya daga cikin ukun ƙarshe, mun ce ya tsaya yau. Wanda lissafinsa ya nuna hasara wata bayan wata, shi ma haka.

Ba mu hana kasuwanci ba, ba mu kuwa ce sayen hannun jari a ajiye shekaru laifi ne ba, wannan zance dabam ne. Abin da mu ke cewa shi ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya yanke shawara ya fitar da sauran kuɗinsa, ya rufe asusun, ya faɗa wa iyalinsa adadin duka ba ragi, ya shirya biyan bashi kaɗan kaɗan daga aikin hannunsa. Mu kuma na cikin ekklesiya, in ɗan'uwa ya zo da irin wannan labari, kada mu yi masa dariya, kada mu kai zancen bakin kasuwa. Kunya ce ke tsare mutane da yawa a cikin ramin. Mu zauna da shi, mu taya shi lissafi, mu taimake shi neman aiki.