Littafin da na ɓoye

Ranar da na fara shiga ɗakin karatu na jami'ar Dan Dicko Dankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tsaye na yi bakin ƙofa na kasa motsi. Ni ɗan Gazawa ne. Tun daga firamare har na ci bak, littafi guda mu biyar muke rabawa, da dare kuma tocila ce fitilarmu. Sai ga kantoci jere cike da littattafai, ga tebura, ga kwamfutoci can gefe, kowa ya yi tsit kamar ana huɗuba.

Wani babban ɗalibi ɗan Gidan Rumji ne ya zagaya da mu sabbin shiga. Ya zaro littafi, ya nuna mana lambar da ke manne a jikinsa, ya ce: "Ƙannena, wannan lamba ita ce gidan littafi. In kun aje shi inda ba gidansa ba, ya ɓace ke nan, ko da yana cikin ɗakin nan."

Shi gargaɗi ya yi, ni kuwa dabara na ɗauka. Ana saura mako biyu jarabawa, na ɗauke littafin da duk ajinmu ke nema, na cusa shi bayan wasu littattafai da ba mai taɓawa. Kullum in zaro, in karanta, in maida. Wata ƴar ajinmu, ƴar Agye, ta kwana uku tana cigiya. Da ta ce mini, "Ɗan'uwa, ko ka gan shi?" na girgiza kai.

To, laifi na yi? Ban sata ba, ban yaga ba, ban fita da shi ba. Kuma ai jarabawa gasa ce, kowa ta kansa yake. Da wannan na riƙa lallashin zuciyata.

Amma mu ƴan wannan yanki mun san sunan irin wannan aiki. Iyayenmu ba su manta yunwar 2005 ba, lokacin da kuɗin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka. Har gobe in an tuna, ana tsine wa wanda ya kulle hatsi yana jiran tsada. Shi ma bai saci na kowa ba.

Da na auna, sai na ga nawa ya fi muni. Hatsin da ya ɓoye nasa ne, kuma tiyar da wani ya ci ta ƙare. Littafi kuwa na jama'a ne, mutum ɗari su karanta, harafi ɗaya ba ya raguwa. Da na bar shi a gidansa, da zan karanta da safe ita ta karanta da yamma. Ashe ba sani nake nema ba, so nake wasu su rasa.

Na maida littafin bayan jarabawa, lokacin da ba shi da sauran amfani ga kowa. Na wuce, ita kuwa sai da ta koma zagaye na biyu. Har yau muna gaisawa, ban iya faɗa mata ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, in kun gama da littafi ku duba lambarsa, ku maida shi gidansa. Akwai mai nema bayanku.